Ɗan kokowa ma yana da ranar kwanciya

Da an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, sai kiɗan kokowa ya fara tashi a garuruwan ƙasar Kance. A Icirnawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar sauran karkarar Matameye, kaka ita ce lokacin gwada ƙarfi. Samari sun fito daga aikin damina, jiki ya yi tauri, ciki kuma ya samu tuwo da fura. Daga irin waɗannan filaye na ƙauye ne ake samun ƙaratan da ke wakiltar jahohi a gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, inda Yakuba Ango, wato Kantu na Maraɗi, ya zama sarkin kokowa na farko. Jahar Damagaram ma tana da nata gwarzayen, shi ya sa filin kokowar birnin yake ɗauke da sunan Langa-Langa.

To, gasar nan tana da wani tasiri da ba a cika faɗa ba. Duk shekara, idan rediyo da talabijin suka cika gari da kirari, sai ka ga ɗan kasuwa mai tumbi ko ma'aikacin biro ya ɗaura niyyar komawa saurayi. Ya sayi takalmin gudu, ya fita da asuba ranar Asabar, ya koma Lahadi, ya ƙara Litinin. Kafin mako ya zagayo gwiwa ta kumbura, baya ya riƙe, ruku'u ma sai da dabara. Takalmin kuwa ya shige ƙarƙashin gado sai baɗi.

Abin da ya kayar da shi rashin hutu ne. Masana aikin jiki sun bayyana cewa aiki mai nauyi yana yi wa zaren tsoka ƴan ƙananan raunuka waɗanda ido ba ya gani. Bayan an daina aikin ne jiki ke ɗinke su, ya kuma ƙara musu kauri don gobe. Ashe ke nan ƙarfin da ake nema a fili, a kan tabarma yake shiga. Wannan ɗinki yana ɗaukar kamar awa 48, saboda haka ake cewa kada a sake ɗora wa tsoka ɗaya nauyi kwana biyu a jere. Tsamin jikin da kowa ya sani yakan kai matuƙa tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aikin. Barci kuma, aƙalla awa 7 ga baligi, shi ne babban maɗinki. Wanda ya yi hira a fada har ƙarfe ɗaya na dare, sannan ya tashi gudu da asuba, ya ci bashin da jiki zai biyo shi.

Manomi ya san haka tun kafin a rubuta a takarda. Ba ya ɗaura wa shanun huɗa garma daga safe har magariba, kuma mai doki ba ya sukuwa kullum. Abin mamaki, mutum ya fi tausayin dabbarsa a kan gaɓoɓinsa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sabunta shawararta a 2020: baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri ko tuƙa keke, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai tsanani kamar gudu, sannan kwana biyu ko fiye na aikin ƙarfafa tsoka. Mai lissafi zai ga cewa minti 150 rabin awa ne sau biyar. Kwana biyu sun rage, kuma ba laifi ba ne a bar su.

Yadda za a raba kwanakin ya danganta da sana'a. Ma'aikacin da ke wuni kan kujera, daga gida zuwa biro kuma bisa babur, yana iya yin tafiya da sauri Litinin, Laraba da Asabar, ya sa aikin ƙarfi Talata da Alhamis, ya bar Juma'a da Lahadi. Ranar hutun nan ba ta hana shi takawa zuwa masallaci ko zuwa garka. Tafiya a hankali ma tana sassauta tsami. Ɗan kasuwa mai bin kasuwannin mako lissafinsa daban ne. Ranar da ya wuni tsaye, ya ɗora buhunan gyaɗa ko wake a mota, ya sha girgizar hanya, wannan rana ya ƙirga ta cikin ranakun aikin ƙarfi, washegari ya sassauta. Shi kuwa mai shago da yara ke yi wa ɗauke-ɗauke, hukuncinsa ɗaya da mai biro.

Shekara ma tana da nata rabon. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne na ƙara ƙaimi. A bazara, musamman Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, sai a rage tsawon aikin, a tsaya ga sanyin safiya, a riƙa shan ruwa. Cikin azumi ya fi dacewa a jira bayan buɗa baki. Wanda kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da damina, ya bari sai zafin jiki ya tafi, ƙarfi ya dawo, sannan ya fara daga ƙasa.

Jiki magayi ne, sai dai akwai masu toshe masa baki. Ƙwayar tramol, wadda wasu matasa ke haɗiya don su yi aiki ba gajiya, ciwo kawai take ɓoyewa, raunin yana nan yana faɗi, ga kuma kamu da farfaɗiya da take jawowa. Tsamin da ya mamaye tsoka yana wucewa da kansa. Amma ciwo mai suka a gaɓa ɗaya, kumburi, barcin da ya ƙi zuwa duk da gajiya, ko bugun zuciyar da ya ƙi sauka da safe, alamu ne na a ƙara kwanakin hutu. Ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi kuwa maganar likita ce nan take. Mai hawan jini ko ciwon suga, da wanda ya haura shekara 40 bai taɓa horo ba, ya fara biyawa asibitin garinsu ko na Matameye a auna shi, kafin ya je wajen mai takalma.