Kaka Ta Yi: Sai A Yi Hattara Da Hanya Daga Gidan Sori Zuwa Gazawa

Da zarar an fara yankan gero a jihar Maraɗi, ƙafar 'yan kasuwa ba ta zama wuri ɗaya. Daga ƙauyukan Gidan Sori da ke gundumar Gidan Rumji har zuwa Agye da Gazawa, kowa na neman sarin gero, wake, gyaɗa, riɗi da aya tun tiya tana da araha. Mata da yawa daga cikinmu kan fita da goyo a baya da yaro a hannu, su kwana biyu ko uku suna bin kasuwanni. Abin da muke son jan hankali a kai shi ne, ɗaukewar ruwan sama ba ita ce gyaruwar hanya ba.

Damina a wannan yanki takan fara ja da baya a ƙarshen Satumba. Sai agazari ya biyo a watan Oktoba da zafi mai tsanani, kafin iskar hunturu ta kawo hazo da sanyin asuba daga Nuwamba. Ke nan a tafiya guda ana iya shan rana da azahar, a kwana da ɗari. Wadda ta fito da yara sai ta haɗa ruwan sha isasshe da rigar sanyi a kaya ɗaya.

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ita ce ta haɗa Gidan Rumji, Maraɗi, Agye, Gazawa da Tasawa. Matsalar takan fara ne idan aka sauka daga kanta aka kama hanyoyin birji da na yashi masu shiga ƙauyuka. Ruwan damina ya riga ya zaizaye gefuna, ya haƙa ramuka, ya cinye ƙarƙashin ƙananan gadoji. Gulbin Maraɗi, wanda ya shigo daga wajen Jibiya ya bi ta Madarumfa, Tibiri da Gidan Rumji, yakan bar fadama da laka bayan an daina ruwa. Sama ta bushe, ƙasa kuwa taɓo ne, kuma motar da aka lafta wa buhuna ita ce ke fara kafewa.

Ba mu manta da daminar 2024 ba, lokacin da ambaliya ta hallaka mutane fiye da 300 a faɗin Nijar, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Hanyar da kika sani bara tana iya canzawa bana. Saboda haka kafin ki biya kuɗin mota, tambayi direbobin tasha da masu amalanke da suka bi ta a makon nan, ba wanda ya ji labari ba.

Ita ma kwaltar tana da nata haɗarin a kaka. Amalanken shanu da na jaki ɗauke da dammunan gero suna hawa titi ba fitila, garken dabbobi suna tsallakawa, ga hazo yana rage gani. Idan direba ya yi lodin da ya wuce kima ya ce ku hau saman buhuna, gara a jira wata motar. Ribar buhu ɗaya ba ta biyan karayar ƙafa.

Sai batun wurin kwana, wanda shi ne aka fi yi wa sakaci. Kwana a rumfar kasuwa ko a tasha ba ya cin ko dala, amma a wannan lokaci sauro na nan da ƙarfinsa, kuma ƙarshen damina ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Gidan sauro da tabarma ba su da nauyi. Mafi alheri shi ne tsohuwar al'adarmu ta mai masauki: a sauka gidan wanda aka sani, ya adana kaya, ya san wanda ya shigo da wanda ya fita. Baƙuwar da ba ta da kowa a gari, ta nemi ƙofar mai gari tun da sauran rana.

Akwai kuma tsaro. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa saboda 'yan bindiga, kuma ƙauyukan bakin iyaka sun sha fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Don haka a bar tafiyar dare. A fita bayan sallar asuba, a tashi daga kasuwa da la'asar ko da ciniki bai ƙare ba. A yi tafiya cikin ayari, kada a ƙulle jari duka a haɓar zani ɗaya, a riƙe katin shaida a kusa saboda shingayen jandarma, sannan a sanar da na gida inda za a kwana.

Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so. Kasuwar da ta wuce ki yau za ta sake ci mako mai zuwa. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kiyaye mana hanya.