Yadda Ake Raba Gilashin Waya da Allonta

Mu a Kura da Bunkure, iyayenmu na shiga gonakin rani da waya a aljihu. Takan faɗi, gilashinta ya tsage. A wasu wayoyin, an manne gilashin da allon ciki ne da gam mai ruwa-ruwa, wanda hasken UV ke daskarar da shi. Ruwa ba ya narkar da wannan gam.

Masu gyara, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, sukan ɗumama allon zuwa kusan digiri 80 har gam ya yi laushi, su ratsa tsakani da siririn zaren ƙarfe, sannan su goge ragowar da sifirit.

Kada mu ɓamɓare da reza a gida. Allon zai lalace, kuɗin gyara ya ƙaru, ga yankan hannu.