Å: Harafin Da Ya Sha Gwagwarmaya Kafin Ya Samu Gindin Zama

Masu bibiyar ƙwallon ƙafa sun san Erling Haaland, ɗan wasan Norwe, kuma akasarin mutane kan ja wasalin farko na sunansa kamar yadda ido ya gani. Mutanen ƙasarsu kuwa da wani sauti mai kama da "o" suke furta shi, kusan "Holan", domin a rubutunsu na yau sunan nan Håland ne, wato "a" mai ɗan zobe a ka. Baƙo kan ɗauki zoben a matsayin ado, alhali a wurin mutanen Suwidin da Denmak da Norwe Å cikakken harafi ne mai sautinsa da gurbinsa a jerin haruffa. Tarihinsa yana nuna cewa idan bakin mutane ya sauya, dole alƙalami ya bi shi, kuma harafin da aka ƙirƙira don biyan wannan bukata ya cancanci a tsare shi ko da na'ura ta nuna tana jin nauyinsa.

A tsohon harshen da kakannin mutanen arewacin Turai suka yi magana da shi akwai gajeren "a" da dogon "a", kamar dai yadda muke da su a Hausa. A tsakiyar zamanai, wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, sai dogon ya fara sauyawa: leɓɓa suka riƙa zagayewa wajen furta shi har ya karkata zuwa "o". Marubutan lokacin sun ci gaba da nuna shi da "á" ko da "aa", duk da cewa abin da kunne ke ji ya riga ya zama wani wasali dabam. Kalmar jirgin ruwa ta isa shaida. A tsohon harshen bátr ce, yau kuma båt ce a Suwidin da Norwe, båd a Denmak. Mutanen Aislan sun riƙe tsohon rubutun, suna rubuta bátur, amma su ma furucinsu ya kauce zuwa "au". Dabarar da wasu marubuta suka ɓullo da ita ita ce ɗora ƙaramin "o" a kan "a", don a sanar da mai karatu cewa asalinsa "a" ne amma yanzu "o" ake ji. Da irin wannan dabara aka samu ä da ö, waɗanda ɗigoginsu biyu ragowar ƙaramin "e" ne da ake ɗorawa a sama.

Suwidin ce ta fara rungumar harafin. Baibul ɗin da aka buga a 1541, zamanin Sarki Gustav Vasa, shi ya kafa å a idon jama'a, domin littafi ne da ya shiga kowace majami'a a ƙasar. Denmak ta tsaya kan "aa", haka ma Norwe, wadda ke ƙarƙashin sarautar Denmak har 1814 kuma take rubutu da harshen Denmak. Masanin harsuna Rasmus Rask ya yi kira tun a shekarun 1820 da a karɓi å, amma kiran ya fi shekara ɗari bai samu shiga a hukumance a ƙasarsa Denmak ba. Norwe ta shigar da harafin a gyaran ƙa'idar rubutu na 1917. Denmak kuwa sai a 1948, ƙarƙashin ministan ilimi Hartvig Frisch, shekara uku bayan ƙarshen mamayar Jamus. A gyaran ne kuma aka daina fara kowane suna da babban harafi irin na Jamusanci, abin da ya kusantar da rubutun ƙasar ga na maƙwabtanta na arewa. Ko bayan haka an ci gaba da jayayya kan inda za a ajiye shi, sai a 1955 aka yanke cewa ya zauna a ƙarshe. Shi ya sa haruffa 29 na Denmak da Norwe ke ƙarewa da Æ, Ø, Å, na Suwidin kuma da Å, Ä, Ö.

Mai ja zai ce "aa" ta yi aiki ɗaruruwan shekaru ba tare da kowa ya ɓata ba, don haka sabon harafi wahala ce kawai ga masu ɗab'i da ɗalibai. Gaskiya ne cewa wanda ya tashi da harshen yakan gane abin da ake nufi, amma "aa" tana ɗauke da nauyi biyu. A kalmar ekstraarbejde ta harshen Denmak, mai nufin ƙarin aiki, kalmomi biyu ne suka haɗu, kuma kowane "a" furucinsa dabam. Yaron da aka koya wa cewa "aa" na nufin sauti ɗaya zai yi tuntuɓe a nan. Haka kuma a harsunan Finlan da Holan "aa" dogon "a" ne tsantsa, don haka maƙwabci ma zai karanta ba daidai ba. Ware wa sauti guda alama guda yana rage wa mai koyo aikin canka, kuma amfanin ƙa'idar rubutu ke nan tun farko.

Wata shaidar ita ce yadda wasu harsuna suka ari harafin da suka ga yana biya musu bukata. Yana cikin jerin haruffan Finlan, inda ake kiransa "o na Suwidin", saboda sunayen mutane da wurare irin su tsibiran Åland. Wasu daga cikin harsunan Sami na can ƙuryar arewa suna amfani da shi, haka harshen Walon na ƙasar Beljiyam, har ma da harshen Chamorro na tsibirin Guam a tekun Fasifik. A fagen kimiyya kuwa ya zama alamar ma'auni, don girmama Anders Jonas Ångström, masanin jami'ar Uppsala da ya rayu daga 1814 zuwa 1874, wanda ya shahara da nazarin hasken rana. Å ɗaya daidai yake da kashi ɗaya cikin biliyan 10 na mita, ma'aunin da ya dace da girman ƙwayar zarra. Hasken da idon ɗan Adam ke gani yana tsakanin kimanin Å 4,000 da 7,000.

Hujja mafi ƙarfi da masu ja da harafin ke kawowa ita ce ta zamani. An gina kwamfutocin farko a kan haruffan Ingilishi, ba su san Å ba, kuma har yau a layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa AA ake sawa. Garuruwan Aalborg da Aabenraa sun ƙi sakin tsohon rubutunsu har aka halatta musu shi a 1984, sannan birni na biyu mafi girma a Denmak, wanda aka rubuta Århus tun 1948, ya koma Aarhus daga farkon 2011 don sauƙaƙa wa baƙi da masu bincike a intanet. Sai dai duk wannan ya tsaya ne a kan sunaye, waɗanda dama sukan riƙe tsohon salo. Babu wanda ya koma rubuta kalmomin yau da kullum da "aa", kuma a ƙamus ɗin Denmak Aarhus tana can ƙarshe bayan Z, domin har yanzu å ake ɗaukarta. Matsalar na'urar ma an warware ta ne ta hanyar gyara na'urar: tsarin Unicode ya ba harafin lambarsa, kuma allon rubutu na ƙasashen nan yana da maɓallinsa na musamman.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo rubutun boko ne a shekarun 1930 saboda irin wannan dalili, kuma a Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke sa 'y. Duk da haka kullum ana zubar da lanƙwasar a saƙonnin waya da allunan talla, har "fada" da "faɗa" su zama abu ɗaya a ido. Mutanen arewacin Turai, waɗanda ko an haɗa su ba su kai yawan masu jin Hausa ba, sun tsare harafinsu ne saboda makaranta ta koyar da shi, madaba'a ta buga shi, hukuma ta tsaya masa, masu saye kuma suka nemi na'urar da ke ɗauke da shi. Allon rubutun Hausa yana samuwa a wayoyin zamani, don haka uzurin rashin kayan aiki ya ragu ƙwarai. Abin da ya saura shi ne malamai da editoci da ma'aikatun gwamnati su ɗauki barin lanƙwasa a matsayin kuskuren rubutu, su gyara shi kamar yadda suke gyara kowane kuskure.