Koren Kwanon Sin Ba Ya Gane Guba

Makon jiya a kasuwar Aboabo da ke Tamale, wani mai tsofaffin kaya ya zaro koren kwano daga ƙunshin tsumma, ya ƙwanƙwasa shi da farce, kwanon ya yi amo kamar ƙararrawa. Sai ya rage murya ya ce tangaran ne na sarakunan Sin, in aka zuba masa abinci mai guba zai sauya launi ko ya tsage. Kuɗin da ya yanka zai sayi tumaki biyu. Kafin in bar wurin, mata uku sun fara tayi.

Zancen nan ya girmi kakanninmu. Sarakunan Daular Usmaniyya ma sun ji shi, kuma har yau akwai irin kwanukan nan sama da dubu a fadarsu ta Topkapi da ke Istanbul. Asalinsu yankin Jejiyang ne a gabashin Sin, inda magina suka ƙware a kansu tun ƙarni na 2. Fatake sun kai su har Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. A 1987 an tono wasu mafiya kyau a ƙarƙashin hasumiyar wurin ibada na Famen da ke Sin, inda aka rufe su tun shekarar 874.

To, daga ina koren ya fito? Daga ƙarfe, wannan dai da ya rina ƙasar Tamale ja, wanda ƙurarsa ke ɓata mana farar riga da rani. Maginin Sin yakan shafe kwano da haɗin tokar itace da yumɓu mai ɗan ƙarfe, ya gasa shi a rufaffen tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,200, ya kuma rage iskar da ke shiga. Ƙarfen da ya sha iska ja yake zama, kamar addar da ta kwana a ruwan sama ta yi tsatsa. Wanda aka hana wa iska kuwa kore-kore yake fitowa. Manomin shinkafa ya san haka: ƙasar tudu ja ce, amma lakar da ta daɗe a ƙarƙashin ruwan fadama toka-toka take da ɗan shuɗi. Ko ka dubi gilashin taga ta gefensa, koren da za ka gani na ƙarfe ne.

Shafen nan idan ya huce ya zama gilashi, shi ke nan. Kwalba ba ta san ko zuma ce a cikinta ko maganin ɓera ba, balle ta yi gargaɗi.

Nan Tamale kuwa, matan Kukuo a fili suke gasa tukwanensu, iska na shiga ta ko'ina, wutar kuma ba ta kai waccan zafi ba. Shi ya sa randarsu ke fitowa ja, tana ɗan tsatstsafo, kuma tsatstsafon ne ke sanyaya ruwa. An taɓa yin gashin babbar wuta a Gana: Bature Michael Cardew ya kafa tanderu a Vume, bakin kogin Volta, a 1945, kafin ya koma Abuja ta da, wato Suleja, inda maginiya Ladi Kwali ta yi suna.

Abin da ya fi damuna daban ne. Wasu tangaran masu arha, masu launi rau-rau, da dalma ake haɗa shafensu, kuma abinci mai tsami irin koko ko kunun tsamiya yana iya zuƙo ta. Dalma tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kwanon kuwa yana nan yadda yake, ko ɗigo bai sauya ba. Masu hurumin gwada kayan da ke shigowa kasuwa, da sun riƙa leƙa rumfunan tangaran, da sun taimake mu.

Uwar gida, ki riƙe kuɗin tumakinki. Kwanon da shafensa ya fara ɓarewa kuma, a daina zuba wa yara koko a ciki.