KADA ƊACI YA HANA YARONKI SHAN MAGANI

Iyaye mata na Mafara, Bakura da Maradun.

Damina ta kankama, ga kuma ruwan Bakolori, sauro ya samu wurin zama. Maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, yana ɗauke da amodiyakwin, mai ɗaci kamar maɗaci. Shi ya sa ake haɗa ƙwayar da sinadarin zaƙi, ta narke nan take cikin ruwa, yaro ya haɗiye ba sai an yi masa ɗure ba.

Ki kula:

• Ruwa mai tsabta ɗan kaɗan ya isa. In kika cika kofi zai rage, magani bai cika ba ke nan.
• Abin da ya kwanta a ƙasa, ki ƙara ruwa ki ba shi.
• In ya yi amai cikin minti 30, ki gaya ma ma'aikacin lafiya.
• Na rana ta 2 da ta 3 yana hannunki, kar ki raba ma wani yaro.
• Zuma waraka ce, amma ban da jaririn da bai shekara ba.

Neman magani sunna ne. Allah Ya raya mana su. Ki tura ma 'yar'uwarki.