Lambar Intanet ta Gida: Wa Ke Rubuta Sunan Wa?

Duk na'urar da ta hau intanet sai an ba ta lamba, wadda ake kira adireshin IP, don saƙo ya san inda zai sauka. Lambobin nan ba tsintar su ake yi ba. Hukumar IANA ce ke yanka su manya-manya ta miƙa wa cibiyoyin rajista biyar na duniya, su kuma su raba wa kamfanonin da ke sayar da intanet. Tamu ta Afirka ita ce AFRINIC mai hedikwata a Morishus. Amma cibiyar da ta fi ba ni abin nazari a kan maganar masu intanet na gida ita ce ARIN, mai kula da Amurka da Kanada da wani sashe na tsibiran Karebiyan.

Ka'idar ARIN ta daɗe a haka: idan kamfani ya yanko lambobi takwas ko fiye na tsohon tsari, wato IPv4, ya ba kwastoma, to cikin kwana bakwai sai ya shigar da bayanin a rajistar da ake kira WHOIS. Rajistar a buɗe take, kowa na iya dubawa daga ko'ina ba tare da an tambaye shi dalili ba. Amfaninta biyu ne. Idan aka riƙa turo saƙonnin damfara ko hari daga wata lamba, injiniyan da abin ya dama yana buƙatar sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma sau da yawa a tsakar dare ne. Sannan lambobin IPv4 kaɗan ne, kusan biliyan 4.3 kacal, don haka kamfanin da ya dawo neman ƙari sai ya nuna inda ya kai na baya. Rumbun IANA ya ƙare a Fabrairun 2011, na ARIN kuma a Satumbar 2015.

An tsara wannan ka'ida ne da banki da jami'a da masana'anta a rai. Ba abin damuwa ba ne a san titin da banki yake. To, mutumin da ya karɓi lambobi takwas a gidansa fa, don ya haɗa kyamarorin tsaro ko ya gudanar da 'yar sana'arsa daga ɗaki? Sunansa da ƙofar gidan da iyalinsa ke kwana za su fito fili kenan, ga ɓarawo, ga mai jin haushinsa saboda wata magana da ya rubuta. Shi ya sa aka yi sassauci. Kamfani na iya ɓoye sunan mai gida ya sa nasa, tare da alamar cewa wannan kwastoma ne na gida, a gurbin titi kuma a rubuta cewa gidan zama ne kawai. Sharaɗin shi ne dole a ga sahihin adireshin jami'an kamfanin masu karɓar ƙorafi da masu gyara. A ganina an yi dabara a nan, domin mai ƙorafi wanda zai tsayar da ɓarna yake nema, kuma kamfanin ne ke riƙe da makunnin layin.

Da sabon tsari na IPv6 ya yaɗu, sai wata matsala ta ɓullo. A wannan tsari ba a ba gida lamba ɗaya. Mafi ƙarancin rabo shi ne abin da injiniyoyi ke rubutawa /64, lambobin da suka ninka dukan na IPv4 sau biliyoyi, kuma kamfanoni da yawa kan ba gida /56, wato irin wancan rabo 256. Amma ka'idar ta ce duk rabon dindindin da ya kai /64 a yi masa rajista. Ma'ana, gidan da a da yake da lamba ɗaya babu ruwansa da WHOIS, yanzu ya faɗa ciki don kawai an sabunta masa layi. A 2017 aka kawo shawarar gyara, aka ɗaga mizanin zuwa /47, ninki biyu na /48 da wasu ke ba gida ko ƙaramin ofis. Da haka gidaje suka fita, sai wanda ya nemi a rubuta shi da kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka fita daga WHOIS ɓacewa ce. Akwai littafi na biyu a cikin kamfanin, inda ake rubuta wa aka ba wace lamba, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. Wannan ne 'yan sanda ke nema, kuma dokar ƙasa ce ke iko da shi. Tarayyar Turai ta tilasta ajiye irin waɗannan bayanai na wata 6 zuwa 24 a dokarta ta 2006, kotun ƙolin Tarayyar ta soke dokar a Afrilun 2014 saboda ta wuce gona da iri. A Najeriya, dokar laifukan intanet ta 2015 ta ce kamfani ya ajiye bayanan zirga-zirga da na masu layi tsawon shekara biyu.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yadda ake ɗaukar lamba tamkar shaidar gani da ido. Lambar gida kan canja, wadda kake da ita jiya tana iya zama ta wani yau. A layukan wayar hannu kuwa, inda yawancinmu ke shiga intanet, ƙarancin IPv4 ya sa kamfani kan ɗora mutane masu yawa a kan lamba ɗaya a lokaci guda. Kafin a ware mutum ɗaya a cikinsu sai an haɗa lambar da ainihin daƙiƙar da abin ya faru da kuma lambar ƙofar da saƙon ya fita ta cikinta. Idan agogon na'urar da ke rubuta bayanan ya kauce, ko jami'in da ya rubuta takardar nema ya manta bambancin awa ɗaya da ke tsakanin agogon Najeriya da agogon GMT, sunan da zai fito na wani bawan Allah ne daban.