Ja Daban, Ɗagawa Daban: Kafin Ka Sayi Winci na Hannu

A shagunan kayan ƙarfe na Birnin Ƙonni, ko a tsallaken iyaka cikin kasuwar Illela ta jihar Sakkwato, ba ka rasa ganinsa: ɗan winci na hannu, da gangarsa da mariƙinsa da igiyar ƙarfe a naɗe, an buga masa "tan 2" da manyan baƙaƙe a jikin kwali. In ka tsaya tayawa, mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan ko mota ɗauka yake." Bai yi ƙarya duka ba. Yana jan mota, in tana tsaye bisa tayoyinta a ƙasa mai tauri. Ɗauka kuwa wata magana ce, kuma a tsakanin kalmomin nan biyu ne ake rasa yatsu, wani lokaci har da rai.

Yankinmu yanki ne na kaya masu nauyi. Tun shekarun 1960 ake fitar da siminti daga Malbaza. Albasar Galmi ana loda ta a buhunan da ɗaya ke haura kilo 100. Manyan motoci ba su yankewa a kan kwaltar da ta taso daga Yamai ta ratsa Ƙonni zuwa Madawa da Maraɗi, ga kuma wadda ta rabu a Tsarnawa ta bi ta Badagishiri ta nufi Tawa. Ko'ina cikin garuruwan nan akwai garejin da ake zare inji daga mota. A kwarin Magiya kuma masu lambu na haƙa rijiya, suna zura zoben siminti, suna bin ruwa da injin ban-ruwa yayin da rani ya yi nisa ruwan ya ja da baya. Duk waɗannan ayyuka winci ke sauƙaƙa su, amma ba winci iri ɗaya ba.

Abin da ya raba su shi ne birki. Wincin ja, irin na kwalin nan, ba shi da shi. Abin da ke riƙe kayan ɗan harshen ƙarfe ne guda, wanda ke faɗawa tsakanin haƙoran gangar, shi ne kake jin ƙas-ƙas-ƙas ɗinsa in ana murzawa. Muddin ja kake yi, lafiya lau. Ranar da ka so sauke kaya kuwa, dole ka ɗage harshen nan, daga nan nauyin gaba ɗaya ya dawo bisa damtsenka. Gumi ya sa hannu ya zame, shi ke nan: kaya ya nufi ƙasa, mariƙi ya shiga juyi kamar farfela, ya daki duk abin da ya samu, haɓa ko wuyan hannu. Idan amalanke ake ja a fili, kayan tsayawa kawai zai yi. Idan zoben siminti ne a bakin rijiya, da mutum a ciki, ba sai na ƙarasa ba.

Wincin ɗagawa yana da birki a cikinsa wanda nauyin kayan da kansa ke matsewa. Ka saki mariƙi, kaya ya tsaya cak inda yake. Kana son saukewa, sai ka murza baya da hannunka, kowane juyi ya sauko kaɗan. Akwai kuma mai giyar da ta yi kama da zaren kusa mai murɗi, shi ma ba ya komawa baya da kansa, sai dai nawa gare shi. Gwajin da ya raba gardama ana yin sa a gaban mai shago: a rataya masa buhun siminti, a ɗaga shi kamu biyu daga ƙasa, a fara saukewa, a saki mariƙin ana tsakiyar saukewar. In buhun ya tsaya, na ɗagawa ne. In sai an cire wani harshe kafin ya sauko, na ja ne, komai girman lambar da ke jikin kwalinsa.

Kanikawa sun fi sanin mai sarƙa, wanda a nan ake kira palan, a Nijeriya kuma cen-bulok. Shi aikinsa sama da ƙasa ne a miƙe, a rataye shi a ƙarfen rufi ko a turaku uku, a ja siririyar sarƙa, babbar ta ɗaga inji. Ba ya son a kwantar da shi a yi ja da shi a ƙasa. Sai kuma tirfo, wanda sunansa ya samo asali daga Tirfor na kamfanin Tractel na Faransa, har ya zama sunan duk wani mai kama da shi. Shi ba ganga gare shi ba. Muƙamuƙai biyu ne a ciki ke karɓa-karɓa, wannan ya kama igiyar ya ja, wancan ya riƙe, kamar mutum biyu suna jan guga hannu bayan hannu. Saboda haka igiyar ta kai duk tsawon da ake so, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa. Yana ja, yana ɗagawa, yana saukewa a hankali. A ganina, ga mai aiki iri-iri a karkara, babu kamarsa, in aljihu ya ɗauka. Sharaɗinsa ɗaya: igiyarsa tasa ce. Mai kilo 800 yana aiki da mai kaurin milimita 8.3, mai kilo 1600 da mai 11.5, mai kilo 3200 da mai 16.3. Ka sa masa wadda ta fi siranta, muƙamuƙan su kasa damƙe ta sosai, ta sulale.

To, nawa ne nauyin kayan? Nan ne yawancinmu ke auna da ido, alhali lissafin ba wuya gare shi ba. Buhun siminti kilo 50 ne. Litar ruwa kilo ɗaya, don haka tano mai lita 200 ya ɗan haura kilo 200. Jiƙaƙƙen yashi ya kusa ninka ruwa: bokitin lita 50 da aka ciko daga gindin rijiya yana neman kilo 100. Kankare kuwa, mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, kimanin kilo 2400 ne. Ɗauki zoben rijiya mai faɗin ciki mita 1.40, kaurin bango santimita 10, tsayi rabin mita: lissafi ya ba da kusan kilo 565, fiye da buhu goma sha ɗaya na siminti a dunƙule. In tsayinsa ya kai mita guda, ya wuce tan. Wanda ya dube shi a ajiye a ƙasa, yara na wasan ɓuya a cikinsa, ba zai ce ya kai haka ba.

In ka san nauyin, sai ka nemi lambar gaskiya, ba ta kwali ba. Kayan kirki suna da ƙaramin faranti a jikin ƙarfen, da sunan kamfani, da lambar injin, da iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka. A kayan da suka biyo ta ƙasashen Faransanci za ka ga haruffa CMU kafin lambar, a na Ingilishi WLL. Wata lamba da ake yawan bugawa don jan hankalin mai saye ita ce nauyin da igiyar ke tsinkewa a kansa, wadda ba lambar aiki ba ce. Ƙa'idar masu sana'a ita ce igiyar ɗaga kaya ta iya jure ninki biyar na abin da za a rataya mata. Ragowar ba almubazzaranci ba ne, ita ce ke shanye fizga, da tsatsa, da tsufa. Wincin da ba shi da faranti, ba suna, ba lamba sai fenti mai ƙyalli, wanda ya saye shi ya sayi rariya, ya kuma san aikinta.

Akwai wani abu game da mai ganga da ko masu sayarwa ba su cika sani ba. Lambar da aka rubuta ta naɗin farko ce, lokacin da igiyar ke kwance a jikin gangar. Yayin da naɗi ke hawa kan naɗi, gangar na ƙara kauri, ƙarfin na raguwa, wasu har su rasa kusan rabinsa in ta cika. Wato a rijiya mai zurfi irin ta tudun Adar, daidai lokacin da kaya ya kusa fitowa baki, an gaji, nan ne wincin ya fi rauni. Kuma kada a taɓa warware igiyar har ƙarshe. A bar aƙalla naɗi uku a kan ganga, don su ne ke riƙe nauyi, ba ɗan kusar da aka ɗaure bakin igiyar da ita ba.

Maganar ja tana da nata ruɗin. Motar da ke kan kwalta mutum huɗu ma sun tura ta. Wadda ta nutse har gindi cikin lakar fadama da damina, ko a yashin ƙorama, ƙarfin da za a fizgo ta da shi yana iya kai nauyinta duka, ko ya wuce in da hawa. Shi ya sa masu ja ke neman wincin da ya ninka nauyin motar sau ɗaya da rabi. Dabara mafi araha ita ce shebur: a sauke kaya, a haƙe gaban tayoyi, a shimfiɗa itace. Ta biyu ita ce fuli, gargaren nan da igiya ke bi ta kansa. A maƙala shi a jikin motar, igiyar ta zagaya ta dawo a ɗaure ta kusa da wincin, ƙarfi ya ninka biyu, gudu ya ragu da rabi. Sai dai a tuna ƙugiyar da ke riƙe fulin ninki biyun nan take ɗauke da shi.

Winci dai tsakiyar sarƙa ne, akwai abin da ke gabansa da na bayansa. An sha ganin palan mai tan uku a rataye a reshen dogon yaro, ko a bututun ruwa da mai walda ya ɗan ɗiga wa wuta. Turaku uku na bakin rijiya, in ba a ɗaure ƙafafunsu da juna ba, ko aka kafa su a gefen da ƙasa ke zaftarewa, buɗewa suke kamar raƙumi a kan santsi. Ƙugiyar da bakinta ya wangale ta riga ta faɗa maka an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ba a mayar da ita da guduma, jefar da ita ake. Haka igiyar da ta karye ta yi gwiwa, ko silinta suka fito tsiri-tsiri. A duba ta da tsumma ko safar hannu, inda ya maƙale nan ne ɓarnar. Ba a ƙulla igiyar ƙarfe kamar ta kaba. Ana lanƙwasa bakinta a matse da maɗauran ƙarfe aƙalla uku, sirdin kowane a ɓangaren da ke ɗauke da nauyi. Idan kuma da igiya biyu aka rataye kaya, kada a bar su su buɗe da yawa: da zarar kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace ɗaya nauyin kayan duka take ji, ba rabi ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bututu. Mariƙi ya yi tauri, sai wani ƙaƙƙarfa ya ce, "Kawo bututun can mu zura." Tsawon mariƙin nan da gangan aka yi shi, daidai ƙarfin mutum ɗaya. In ya gagara, wincin ne ke cewa kayan sun fi ni. A tirfo har an sa wasu ƴan ƙusoshi masu taushi waɗanda aikinsu shi ne su karye in nauyi ya wuce kima, kayan su tsaya a riƙe. Sun karye, sai a nemo ƙusar kafinta ko guntun rodi a cusa, a yi murna an gyara. An dai cire mai gadi ne.

Saura mutum. Mahaƙin rijiya yana sauka yana hawa sau da yawa a yini, kuma galibi da igiyar da ake fitar da ƙasa. Wincin kaya ba na ɗaukar mutum ba ne. Wanda aka ƙera don mutane ana ba igiyarsa ninki goma, ba biyar ba, da birki na biyu. Na san ba kowace ƙungiyar mahaƙa a ƙauyukan Illela ko Dogarawa ke da halin sayensa ba. Amma igiya ta biyu ba ta gagara: a ɗaura ta a jikin mai sauka, a zagaya da ita a wani turken daban wanda bai haɗa komai da wincin ba, mutum guda ya riƙe ta, ba shi da wani aiki sai ita. Kuma yayin da zobe ko cikakken bokiti ke reto a sama, kada kowa ya kasance a ƙarƙashinsa. Mai haƙa ya fito tukuna, a zura zoben, ya zauna, sannan ya koma ya daidaita shi. Zai ce ɓata lokaci ne, hawa da sauka har sau biyu. Maigidan aikin ne ya kamata ya ce masa, "Fito dai, Malam, rijiyar ba gudu za ta yi ba."